Neman kalma: me za mu kira boltejin da ke sa fitilar gas ta kama?

Mai Fassara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin fassara wani darasi a kan fitilun da haskensu ke fitowa daga ratsawar lantarki cikin iskar gas, irin doguwar farar fitilar nan ta kwalba da ɗan jan ƙwan da ke cikin testa, sai na ci karo da abin da ake kira "striking voltage" da Turanci, wani wurin kuma "starting voltage". Ga ma'anar. Gas ba ya ba lantarki hanya haka kawai. Sai an yi ta ƙara boltej tsakanin ƙarafa biyun da ke cikin kwalbar har ya kai wani mizani, sannan farat ɗaya hanya ta buɗe, haske ya bayyana. Wannan mizanin nake nema wa suna. Na rubuta "ƙarfin kunnawa" na goge, na sake rubutawa, na sake gogewa. Akwai kuma ta biyu, "Penning mixture", wato haɗin da ake samu in an ɗiga wa gas ɗan wani gas daban don mizanin ya sauko. A taimaka.

Ɗalibin Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Ni ban ga aibin "ƙarfin kunnawa" ba. Kowa zai gane.

Malamar Fiziks: Kowa zai gane, amma kowa da abin da zai gane. Kalmar "ƙarfi" mun ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Da ita muke faɗin boltej, da ita muke faɗin yawan lantarkin da ke gudana a waya, da ita muke faɗin wat ɗin da aka rubuta a jikin ƙwai. Na taɓa tambayar aji ƙarfin wata fitila, amsa uku na samu, kuma babu wanda zan ce ya yi kuskure. A bar mana "boltej", masu aikin wuta sun riga sun saba da ita. "Kunnawa" kuwa aikin mai danna makunni ne. Kana iya kunna fitila ta ƙi.

Ɗalibin Injiniya: To Malama, "matsin lantarki" fa? Na ga ana kwatanta boltej da matsin ruwa a bututu.

Malamar Fiziks: A wani darasin za ta yi, ban da wannan. A nan akwai matsi na gaske, matsin gas ɗin da ke cikin kwalba, kuma shi ne rabin labarin. A 1889 wani Bajamushe, Friedrich Paschen, ya nuna cewa mizanin da Malam ke nema wa suna ya dogara ne da abin da ake samu idan aka ninka matsin gas da tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu. In matsi ya yi yawa, ilektiron, ɗan ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, ba ya samun filin gudu, kafin ya tara ƙarfi ya yi karo. In ya yi kaɗan ainun, ya samu fili amma babu wanda zai buga. A tsakiya ake samun wurin da ya fi sauƙi, kuma ga iskar da muke shaƙa wannan wurin yana wajen bolt 327. Ka ga in muka ce matsin lantarki ya dogara da matsin gas, mun haɗa wa mai karatu ciwon kai a jimla guda.

Tsohon Mai Aikin Wuta: Ku yi mini haƙuri, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma na daɗe ina canza cok da sitata. Mu dai abin da muke cewa shi ne fitila ta kama, ko ta ƙi kamawa. In doguwar nan tana ƙyafta ido, bakinta biyu sun yi baƙi, ba mai cewa ba a kunna ta ba. An kunna, kamawa ce ta gagara. Aikin cok da sitata ke nan, su yi mata harbi ɗaya mai ƙarfi wanda ya wuce abin da wutar gida ke bayarwa, da ta kama sitata ya koma gefe, cok kuma ya koma tare wuta kada ta yi mata yawa. Don haka ni "boltejin kamu" zan ce.

Mai Fassara: Baba, Allah ya ƙara girma. Kwana uku ina juya ƙamus, ashe kalmar tana bakinku.

Mai Son Tsohuwar Hausa: Kafin a rufe, ga tawa. Kalmar Turancin ita ce dai wadda suke faɗa wa buga ashana ko ƙanƙara, Jamusanci ma kalmarsu ta wannan mizani daga kunna wuta take. Muna da "ƙyastu", muna da "ƙyasta ashana". Me zai hana "boltejin ƙyastu"? Tana da daɗin faɗa, kuma za mu farfaɗo da kalmar da ke neman ɓacewa.

Malamar Fiziks: Daɗin faɗa kam tana da shi, har na so in yarda. Abin da ya hana ni shi ne hoton da take sa wa yaro a kai. Ƙyastu goga abu ne a kan abu, tartsatsi ya faɗa kan abin da ke ci, ya cinye shi. A cikin kwalbar nan babu abin da ke ƙonewa. Gas ɗin ciki, irin su neon da agon, ba sa ƙonewa ko kaɗan. Abin da ke faruwa shi ne ilektiron guda, wanda haske ko wani burbushin haskawa na sararin sama ya 'yanto, boltej ya fizge shi, ya bugi zarrar gas ya fitar da wani ilektiron, su biyu su fitar da huɗu, a haka har abin ya zama ambaliya. John Townsend ne ya yi bayanin wannan yaɗuwa a farkon ƙarni na 20. "Kama" ta fi dacewa da ita, don Bahaushe na cewa cuta ta kama gari, magana ta kama, duk abin da ya fara daga ɗan wuri ya game.

Kuma akwai abin da nake so Malam ya gani da idonsa kafin ya rubuta. Ka samu ƙaramin ƙwan neon, ka haɗa shi da resisto mai tare yawan wuta, da mita, ka riƙa ƙara boltej sannu a hankali. Hamsin, shiru. Saba'in, shiru. Wajen 90 sai ja-ja ɗin nan mai kama da garwashi ya lulluɓe ɗaya daga cikin tsinkayen ƙarfe biyun da ke cikin ƙwan, a daidai lokacin kuma mita ta faɗo zuwa wajen 60, fitila na ci abinta. Ka fara ragewa, ba za ta mutu a 90 ba, sai ka sauko ƙasa da sittin ɗin nan. Mizani biyu ne ke nan, na shiga da na zama. Duk sunan da za mu ba na farko, ya kamata ya zo da ɗan'uwansa.

Tsohon Mai Aikin Wuta: Kamu da riƙo mana. Sai ka kama za ka riƙe.

Ɗalibin Injiniya: Baba, tsorona ɗaya. In aka ce "boltejin kamu" wani zai zata boltejin da wuta ke kama mutum ne.

Tsohon Mai Aikin Wuta: Yaro, wuta ba ta kama mutum, ja take yi. Allah ya kiyaye ka da sanin bambancin.

Malamin Nahawu: Na yarda da tushen, ina da gyara a kan siga. "Kamu" suna ne na kama wani abu, kamun kifi, kamun ɓarawo, akwai mai kamawa akwai wanda aka kama. A "fitila ta kama" babu abin da ta kama, ita ce ta shiga wani hali. Sunan wannan aikin "kamawa" ne, kamar yadda Baba da kansa ya ce ta ƙi kamawa. To in fitila ce mai aikin a na farko, ita ce ya kamata ta zama mai aikin a na biyu: ta kama, ta ɗore. Boltejin kamawa, boltejin ɗorewa. Har amo suka yi.

Mai Fassara: Na rubuta su. Saura gas ɗin da ake haɗawa. Ina da "gaurayen Penning" a takarda, amma raina bai kwanta ba.

Malamar Fiziks: Ranka ya yi gaskiya. Bari in faɗi yadda abin yake, sai mu ga kalmar da ta dace da shi. Frans Penning ɗan ƙasar Holan ne, yana aiki a ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Eindhoven, a 1927 ya ba da rahoton cewa ɗan mitsitsin wani gas a cikin neon yana sauko da boltejin kamawa sosai. Ga lissafin. Kafin a cire ilektiron daga zarrar neon ana buƙatar ilektiron-bolt 21.6 (ma'aunin ƙarfin da ilektiron ke tarawa ke nan), abu mai wuyar tarawa. Sau da yawa ilektiron ɗin da ke gudu bai kai haka ba, iyakarsa ya ɗaga zarrar zuwa wani mataki na 16.6. Yawancin matakai irin wannan, zarra na zubar da ƙarfin nan take a matsayin haske. Wannan kuwa ƙofar fitarsa a toshe take, sai zarrar ta yi ta yawo da kayanta. In neon zalla ne, ƙarshenta ta je ta bugi bangon kwalba ƙarfin ya tafi a banza. To amma agon 15.8 kawai yake buƙata a raba shi da ilektiron ɗinsa. Da neon mai ɗauke da 16.6 ya goge shi, sai ya juye masa, ilektiron ya fito, ambaliya ta samu sabon ɗa. Ƙarfin da zai salwanta ya koma aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Penning ya tabbatar da hakan. Ya haska haɗin da hasken wata fitilar neon daga waje, hasken da ke sa waɗancan zarrori su sauke kayansu, sai boltejin kamawa ya hau maimakon ya sauka. Mutum zai zata ƙarin haske sauƙi zai kawo.

Yawan agon ɗin fa? A ƙananan fitilun neon wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne. In ka zuba da yawa ka ɓata, don agon zai riƙa tare ilektiron a hanya yana karɓe masa ƙarfi tun bai kai abin da zai ɗaga neon ba. Shi ya sa "gauraye" ba ta yi mini ba, tana nuna kamar abu biyu ne kusan kai ɗaya aka cakuɗa. A gefe guda, sunan agon daga kalmar Girkanci ta malalaci aka samo shi, don ba ya haɗuwa da komai. Ga malalaci ya zama shi ke tada fitila.

Mai Son Tsohuwar Hausa: To wannan karon ku ba ni. "Gami". Maƙera na cewa zinariya tsantsa ba gami, wato gami shi ne ɗan abin da ake sa wa babban abu ya sauya masa hali. "Gamin Penning".

Ɗalibin Injiniya: Gami ba algus ba ne? Kamar ana nufin an lalata gas ɗin.

Mai Son Tsohuwar Hausa: Algus ha'inci ne, ana ɓoye shi. Gami sana'a ce, ana auna shi.

Tsohon Mai Aikin Wuta: Ashe abin da nake gani ke nan a fitilun titi na da, masu ruwan ɗorawa. Da magariba in an kunna su sai su fara da ja mai ɗan duhu, a yi mintuna kafin su rikiɗe. Na daɗe ina zaton dumi kawai suke yi.

Malamar Fiziks: Dumin suke yi, Baba, amma jan nan neon ne da gaminsa na agon. Su ke kamawa da farko, zafinsu ya narkar da sodiyam ɗin da ke cikin kwalbar ya zama tururi, sannan ruwan ɗorawa ya rufe ja. Doguwar farar taku ma haka ne da wasu 'yan wasan daban: agon ke ɗaukar kaya wajen 11.5, tururin makuri, wato zaiba, kuma 10.4 yake buƙata. Sai dai Malam Mai Fassara ya kiyaye, ba kowane gami ne na Penning ba. Ƙwan fitila mai zare ana cika shi da agon a sa masa naitirojin, don a hana tartsatsi tsallakawa tsakanin wayoyin da ke riƙe da zaren. Wannan gami ne mai ɗaga boltejin kamawa da gangan. Iskar waje ko danshi in suka sulale cikin kwalbar fitila su ma wahalar kamawa suke jawowa, sai dai su ba wanda ya gayyace su. Sharaɗin na Penning guda ne: kayan da babban gas ke yawo da su su fi abin da ƙaramin ke buƙata.

Mai Fassara: Kin jawo mini kalma ta uku. Wannan zarrar mai yawo da kaya, "metastable" suke ce mata. Na so in ce "zarra mai ciki".

Malamin Nahawu: Za ka sha dariya a aji. Ka duba "ɗana". An ɗana tarko, an ɗana kunamar bindiga. Ƙarfi na nan a ajiye, ba ya fita da kansa, taɓawa yake jira. Ɗananniyar zarra, jam'i ɗanannun zarrori.

Malamar Fiziks: Wannan ta zauna daram. Ƙarin bayani kawai, tarkon yakan fashe da kansa in an daɗe. Ɗananniyar zarrar hiliyam, in babu abin da ya taɓa ta, tana iya wuce awa biyu a haka, alhali zarrar da aka ɗaga zuwa mataki na yau da kullum ba ta kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa.

Ɗalibin Injiniya: Tambaya ta ƙarshe. A littafinmu akwai "breakdown voltage", kuma an ce a lissafi kusan abu ɗaya ne da boltejin kamawa. Ita ma kamawa za mu ce? In tartsatsi ya tsallaka santimita guda na busasshiyar iska a wajen bolt 30,000, ko rufin waya ya gaza, ban ji daɗin cewa ya kama ba.

Tsohon Mai Aikin Wuta: Wannan ɓallewa ce, kamar ruwa ya ɓalle madatsa. Inda ake so a ce ta kama, inda ba a so a ce ta ɓalle.

Mai Fassara: Madalla. Ga jimlar yadda za ta shiga darasin, wanda ya ga gyara ya yi magana kafin in tura: "Gamin Penning yana sauko da boltejin kamawa, domin ɗanannun zarrorin neon suna juye ƙarfinsu ga agon, da fitila ta kama, sai ta koma kan boltejin ɗorewa, wanda bai kai na farko ba." Boltejin ɓallewa zan ajiye wa babin da ke magana a kan rufin waya da tartsatsi. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa.

Tsohon Mai Aikin Wuta: Amin. Ku rubuta ɗorewa a littafi, ba laifi. Ni dai in ina kan tsani riƙo zan ce.