Holunda a bayan gida: a ba mai mura ko a bari?

Amaryar Hambug: Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai wata bishiya a bayan gidanmu, Jamusawa na ce mata Holunda. A watan Yuni ta yi farin fure mai ƙamshi, yanzu kuma ta cika da 'ya'ya baƙi wuluk, ƙanana, ko rabin ɗinya ba su kai ba. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta ce maganin mura ne, ga maigida kwana biyu yana atishawa. In tsinko in ba shi?

Hajiya ta Landan: Wa alaikumus salam. Amarya, kada ki kuskura ki ba shi ɗanye! Shekarar da na zo na ɗebi cikin hannu na watsa a baki, a zatona irin tsada ce ta Turawa. Ranar ni da banɗaki muka kwana. Ki tsinke 'ya'yan daga reshe da cokali mai yatsu, ki zubar da kore da jajaye, ki tafasa kamar minti 20, ki tace. In ya ɗan huce ki sa zuma da citta. Kusan zoɓo ne a baki, sai dai ya fi shi bauri.

Ɗan Damagaram a Liyon: Nan Faransawa suro suke kiranta, Larabawan unguwarmu kuma bailasan. Ni furen na fi yarda da shi. Ina tsinka a Yuni, in shanya a inuwa, in adana don hunturu. Ƙaramin cokali biyu a kofin ruwan zafi, a rufe minti 10, a sha, a shige bargo. Gumi zai keto maka kamar ka yi sirace.

Mai kantin magani a Kolon: Hajiya kun yi gaskiya, ga dalilin. Ganyen, ɓawon, da 'ya'yan da ba a dafa ba suna ɗauke da wani sinadari, sambunigirin, wanda kan saki gubar sayanaid a ciki. Dangin abin da ke cikin rogo mai ɗaci ne, wanda ba a ci sai an jiƙa an sarrafa. A 1983 a Kalifoniya an kai mutum 8 asibiti bayan sun sha ruwan 'ya'yan da aka matse ɗanye, har da ganye da rassa a ciki. Furen kuwa hukumar magunguna ta Turai ta lissafa shi cikin maganin gargajiya na farkon mura, ga wanda ya kai shekara 12. Masu ciki da masu shayarwa su haƙura. Game da 'ya'yan, bincike bai tsaya a magana ɗaya ba: na Ostireliya a 2016 kan matafiyan jirgi 312 ya ga murar ta fi saurin sakin waɗanda suka sha, na Amurka a 2020 kan masu fulu, wato mura mai zazzaɓi, bai ga wani amfani ba. In zazzaɓi ya yi zafi ko numfashi ya yi nauyi, asibiti.

Amaryar Hambug: To Malam, akwai wata gajeruwa a bakin hanyar tasha, 'ya'yansu iri ɗaya.

Mai kantin magani a Kolon: Wannan ki bar ta inda take. In ba ta da itace, tsayinta bai wuce ƙirji ba, 'ya'yan na kallon sama, wadda Jamusawa ke ce wa Atik ce, mai guba. Ta gaskiyar 'ya'yanta rinjayowa suke yi ƙasa in sun nuna.

Hajiya ta Landan: Kuma a duba kwalbar ruwan Holunda na kanti kafin a saya, wasu da giya ake haɗa su. Ko lemon furen na gida, in aka bar shi da sukari kwanaki, tashi yake yi.

Ɗan Damagaram a Liyon: Abin dariya, su ma suna da tsamiyarsu. A Denmak da Ingila mutanen da sun ce wata tsohuwa ce ke zaune cikin bishiyar, sai ka nemi izininta kafin ka sa gatari. Ganyen kuma rataya wa dawaki suke yi don korar ƙuda.

Amaryar Hambug: Na gode ƙwarai. Tukunya na kan wuta. Hajiya, ya ake fitar da shi daga hannu? Yatsuna sun koma kamar na marini.

Hajiya ta Landan: Lemon tsami. Zanen kuwa, sai dai ki yi haƙuri.