Musayar Waƙa: Buduma da Tafkin Chadi

Ɗan Doro:
Salamu alaikum. Yau batun Buduma ne, mutanen tsibiran Tafkin Chadi. Amsa-amo "wa". Masu auna tafkin sun ce a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 kusan kashi tara cikin goma ya tafi.

Da sunan Allah mai dare da rana,
Mai saukar da damina a gona,
Na ɗau alƙalami don in bayyana
Halin da Buduma ke ciki a bakin ruwa.

Tafkin Chadi a da teku ne,
Kogin Shari da na Lagon iyayensa ne,
Kifin Baga har Legas sananne ne,
Banda a kwando, jirgi maƙil da kanwa.

Farin 1973 ya yi ɓarna,
Na 1984 ya cinye sauran gona,
Ngigmi mai kallon tafki dare da rana
Ta wayi gari rairayi ke busowa.

'Yar Gashuwa:
Yaya Ɗan Doro, ka faɗi gaskiya,
Amma sama kaɗai ka kai wa shari'a.
Dam ɗin Tiga da na Challawa sun tare hanya,
Kogin Yobe da ƙyar yake rarrafowa.

Mu da ke gaɓarsa mu muka sani,
Fadamar Nguru ba ta kai ta wancan zamani,
Hannun mutum ma yana cikin rikicin rani,
Kada a ce fari ne a wanke kowa.

Malamin Diffa:
'Yata, kin yi kyau, amma ki saurara,
Rabon Yobe a tafki bai taka kara ya karya ba, ki tara:
Kashi tara cikin goma Shari ke tura,
In kudu ba ta sha ba, nan ma ƙishirwa.

Layi na biyu ya yi tsawo, na sani, tsufa ne. Ga inda nake so ku duba:

Buduma sun san tafki da halinsa,
In ya ja baya su kwashi kaya su bi bayansa,
In ya dawo su hau tudu su bar masa wurinsa,
Shanun Kuri na iyo daga tsibiri zuwa ciyawa.

Ƙaura sana'arsu ce tun kakanni,
Kwalekwalen ciyawa, madara da kifi a hannu, ba sa roƙon wani,
Ba janyewar ruwa ce ta kore su ba, ku gani,
Rashin sanin ranar da zai dawo ne ke kashewa.

Yanzu lissafin tsofaffi ya ruɗe,
Bana fari, baɗi sama ta buɗe,
Gonar masara da tafki su haɗe,
A 2022 mun ga haka da idanuwa.

Ɗan Doro:
Allah ya gafarta Malam, haka yake,
Mu ma Hausawa bin ruwan muka yi da koma da keke,
Har Darak muka kafa gari muka miƙe,
A 2002 kotun duniya ta ce na Kamaru ne, sai miƙawa.

Ɗan Bol:
Ina karanta ku tun ɗazu daga wannan gefen na Chadi. Kun yi zancen sama da dam, kun tsallake bindiga.

Baba Malam, fari mun saba da shi,
Ambaliya ma akwai dabarar kauce mishi,
Amma da Boko Haram ta shiga tsibiri da ƙunshi,
Sai hanyar bin ruwa ta zama hanyar mutuwa.

A 2015 bayan harin tsibirin Karamga,
Nijar ta ce a bar tsibirai, kowa ya ga,
Tsoho da mai ciki a ƙasa, rana na zuga,
Zuwa Ngigmi a ƙafa, wasu ba su kai ga isowa.

Chadi ma ta kwashe nata a shekarar,
Aka zube su a tudu babu ko inuwar,
Mai jirgi ya koma layin karɓar dawar,
Wanda ke ba baƙo kifi yau shi ake ba wa.

Abin da ya fi ci mini rai, zargi ne:
In ka ce Buduma, a ce ai ɗan daji ne.
An kashe nasa, an kora shanunsa, shi kuma abin tuhuma ne
A shingen soja da bakin kasuwa.

Ɗan Auta:
Iyayena, ku ba yaro wuri kaɗan,
Hukumar Tafkin Chadi tun 1964 take nan,
Ana ta cewa za a jawo ruwan Kwango zuwa nan,
Taro ya bi taro, ko guga ba a ga tahowa.

'Yar Gashuwa:
Auta ka iya tsiya. Ɗan Bol, tambaya:
Shanun nan masu ƙaho kamar ƙwarya,
Da aka fitar da masu su daga tsibiri gaba ɗaya,
Ina suka shiga, wa ke tatsowa?

Ɗan Bol:
Ƙanwata, Kuri ba ta jure tudu,
Zafi da ƙishi kan sa ta durƙusa ba gudu,
Wasu an sace, wasu an sayar arha don a samu mudu biyu ko huɗu
Na gero, saura an haɗa su da shanun tudu suna ɓacewa.

Malam, kai ne a Diffa, sai ka faɗa mana:
An bar masunta sun koma, ko har yanzu ana hanawa?