Na ga allurai a jakar ƙanena, dan Allah ku ban shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ne shekararsa 17, tun rasuwar mamanmu yake hannuna, ni na biya masa kuɗin makaranta har ya gama sakandare, takalmin ƙwallo ma sau biyu ina sai masa don duk burinsa ƙwallo ne. Wata biyar da fara zuwa wajen ɗaga ƙarfe ya murɗe lokaci ɗaya, bayansa duk ƙuraje ga saurin fushi, shekaranjiya har matata ya ɗaga wa murya. Na buɗe jakarsa na tarar da sirinji da ƙananan kwalabe an rubuta Testosterone da Nandrolone. Baba bai sani ba. Ya zan yi?

Tsohon ɗan ƙwallo: Malam sitiroyid ne, wato sinadarin mazantaka da ake allurarsa don ƙara tsoka. In ana ɗura wa jiki daga waje sai ya daina yin nasa, maraina su motse, maniyyi ya ragu, wani har nono ke fito masa. A shekarunsa ma tsayinsa zai iya tsayawa cak. Ɗan tsere Ben Johnson ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.79 a gasar Olympics ta Seoul 1988, gwaji ya kama shi aka ƙwace zinaren. Yanzu dakatarwar shekara 4 ce. Fasa kwalaben ka gaya wa Baba yau ɗin nan.

Nas: Yaya kar ka fasa komai, ka tafi da su wajen likita tare da yaron. Wasu in sun daina farat ɗaya damuwa mai tsanani ke kama su. A duba hantarsa da jininsa, in suna haɗa sirinji a yi gwajin ciwon hanta da ƙanjamau.

Maman biyu: Wallahi masu kemis ne matsalar. Ƙanwata sha-ka-fashe ta dinga sha kafin bikinta, fuska ta kumbura, yanzu suga take fama da shi, kuma mutumin yana nan yana cinikinsa ba wanda ya ce masa kanzil.

Tsohon ɗan ƙwallo: Hajiya wancan daban ne. Malam likita ba zai hana shi komawa ba, tsoron uba ne zai hana shi.

Mai tambaya: Baba hawan jini gare shi, ba zan kai masa wannan ba. Kuma kuɗin da nake ba shi na garin furotin ya ce min, yaron kirki ne ba ya ko fashin jam'i.

Tsohon ɗan ƙwallo: To wa yake masa allurar? Ka tambaya?

Mai tambaya: Ban samu dama ba. Ya dawo ya ga an taɓa jakar, ya ɗauke ta ya fita, har yanzu bai shigo ba kuma wayarsa a kashe.