Makullin totur da kurus: ɗaya ne ko ba ɗaya ba?

Alhaji Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na sa wa babur ɗina V-Strom 650 makullin totur na Kaoko, wanda ake kwance ƙarfen ƙarshen hannu a ɗaura shi a gurbinsa. Na gwada shi daga Kano zuwa Potiskum. Wallahi karo na farko ke nan da na sauka daga babur yatsuna ba su mutu ba. Maganata ita ce, wannan da kurus, wato na'urar riƙe gudu da ke zuwa da manyan babura, duk ɗaya ne, kuma mai shi ya fi wanda ba shi da shi tsira a doguwar hanya, don gajiya ce ke kayar da mu.

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa alheri. Amma ba ɗaya ba ne. Naka totur yake riƙewa, bai san gudun da kake yi ba. Noti ne kawai da ke matse hannu don kada sifirin ya maido shi. Kurus na gaskiya yana karanta gudu, in ka hau tudu ya ƙara wuta, in ka shiga gangara ya rage. Babban abin kuma, kana taɓa birki ko kulochi ya saki. Naka fa, in ka taka birkin baya me zai faru?

Alhaji Ɗan Fagge: Sai in murza shi gaba da hannuna mana. Ai ba walda aka yi masa ba, Oga. Yana juyawa.

Oga Bakanike: Yana juyawa in ka tuna, kuma in hannun yana wurin. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ƙirga daƙiƙar da za ka ɓata kafin hannun da ka ɗora a cinya ya koma kan totur.

Hajiya Mai Africa Twin: Yaya Alhaji, bari in ba ka abin da ya same ni. Kafin wannan babur ina da wani mai totur na kebul, na sa masa irin wannan makulli. Ranar da abin ya faru da hunturu ne, hazo ya ɗan sauka, na wuce Kwanar Ɗangora ina nufin Zariya. Hanya shiru, na matse notin, na sauke hannun dama ina miƙe yatsu. Sai ga saniya ta fito daga bayan wata tirela da ta tsaya a gefe, maraƙinta na binta. Na damƙi birkin gaba da duk ƙarfina, amma injin bai daina turi ba, ina jin babur yana faɗa da kansa a ƙarƙashina, gaba na nutsewa baya na ingizawa. Kulochi ne Allah ya ba ni ikon kamawa, injin ya yi wata irin ƙara da har yau ina jin ta. Na tsaya ina ganin gashin wutsiyar maraƙin ɗaya-ɗaya. A nan bakin titi na roƙi wani mai faci ya ara mini sifana na kwance abin.

Malam Na Zariya: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Amma a yi adalci, laifin makulli ne ko na sauke hannu? Kurus ɗin lantarki ma ba a ce ka saki hannu ba.

Hajiya Mai Africa Twin: Malam, wanda nake kai yanzu, na 2020 ne, da kurus ɗinsa ya fito daga kamfani. Ko yatsa ɗaya na ɗora a birki ya mutu. Kuskuren da na yi a ranar, da wannan ne da ya yafe mini. Wancan bai yafe ba.

Ɗan Jos: Ni tambaya ɗaya zan yi wa Alhaji. Ka taɓa saukowa Hawan Kibo? Ka kulle totur a saman nan, ka ga gudun da za ka iso ƙasa da shi. Tsakanin Kano da Potiskum ƙasa shimfiɗe take, shi ya sa ka ji daɗinsa.

Alhaji Ɗan Fagge: Wa zai kulle totur a Hawan Kibo, ƙanena? Hankali ai bai ƙare ba. Kuma ku duba maganar gajiya da idon basira. Na fi shekara hamsin, wuyan hannuna na ciwo. Bayan awa uku ba na jin yatsuna, kuma da yatsun nan zan kama birki. Minti ɗaya nake buƙata in girgiza hannu jini ya sauko. Wanda hannunsa ya sage, shi ma ba zai tsaya da wuri ba.

Malam Na Zariya: Nan kam Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma ba wanda ya amsa masa. Kuma ba duk makullan ne halinsu ɗaya ba. Akwai BrakeAway, wanda in ka ja birkin gaba yake ɓalle kansa.

Oga Bakanike: Na yarda, wannan ya fi. Amma har yanzu bai san tudu da gangara ba, kuma birkin ƙafa ba ya sakin sa. Alhaji, in kurus kake so na gaskiya, ana sa wa irin naka. MCCruise na Ostireliya suna yin na babura masu kebul: ƙaramar mota ce ke jan kebul ɗin totur, akwatinta na karɓar gudu daga na'urar auna gudu, an kuma haɗa ta da wayar fitilar birki da ta kulochi. Abin ba sabo ba ne, Honda ta sa wa Gold Wing kurus tun 1985. Matsalar kuɗi ne da kuma mai ɗaurawa.

Ɗan Jos: Mai ɗaurawar nan shi nake tsoro. Na ga wani mai wayarin ya sa wa abokina na mota, ya yanka wayoyi ya murɗe da hannu ya naɗe da salatif. Ruwan sama na farko abin ya fara kama kansa yana saki.

Oga Bakanike: Shi ya sa ba na barin babur ya fita daga shagona sai na ɗora shi a kan jak na tsakiya, taya na juyawa, na kunna kurus, na taɓa birkin gaba, na baya, da kulochi, kowanne shi kaɗai, sau da yawa. Wasu na'urorin ta ƙwan birki suke gane an taka, to in mutum ya canza ƙwai zuwa LED ba a ƙara rile (ƙaramin makunnin lantarki) ba, sai su rikice. Sannan kebul ɗin da aka ƙara, a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a saurara. In ƙarar inji ta tashi, kebul ya ɗaure, a sake bi da shi.

Alhaji Ɗan Fagge: To na janye cewa ɗaya ne. Amma ba zan cire nawa ba. Zan sassauta notin yadda ɗan turi kaɗan zai maido shi, kuma yatsu biyu na kan birki ko da na matse.

Hajiya Mai Africa Twin: Yaya, ni ma haka na ce wa kaina lokacin da na ɗaura nawa. Don Allah ko ranar kasuwar shanun Potiskum ce kaɗai, ka bar shi a sake.

Oga Bakanike: Kawo shi ranar Asabar bayan azahar, Alhaji. Zan duba kebul da sifirin, mu ga ko ciwon hannun ma daga taurin totur yake.