Jijiya ta yi wa kalma ɗaya yawa: me za mu kira tendon da ligament?

1/ Jama'a, musamman malaman asibiti da masu fassara labarin wasanni, ina neman shawararku kan kalmomin likitanci biyu, tendon da ligament. Duka biyun jijiya muke ce musu. Hanyar da jini ke bi ita ma jijiya ce, haka wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa sassan jiki. Abu huɗu ke nan da suna ɗaya, alhali kowanne ciwonsa daban, maganinsa daban.

2/ Abin yana cutar da marasa lafiya. Likita zai ce wa mutum "jijiyar gwiwarka ce ta tsinke", ya koma gida hankali a tashe, yana zaton jini ne ke zuba masa ta ciki, ko kuma ƙafar shanyewa za ta yi.

3/ Mu fara da aikinsu. Ƙarshen tsoka yakan tsuke ya zama wani farin abu mai tauri da ke kama ƙashi. In tsokar ta taƙure sai ta ja shi, ƙashin ya motsa. Wannan shi ne tendon. Shi kuwa ligament babu ruwansa da tsoka. Ƙashi da ƙashi yake riƙewa a gaɓa, don kada su goce ko su lanƙwasa ta inda bai kamata ba.

4/ Ta farko ba ta buƙatar ƙirƙira, domin muna da agara. Ku shafa bayan ƙafarku, saman dunduniya: wannan mai kaurin da ya haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin dunduniya, ita ce agara, kuma duk jikin mutum babu irinta da ta kai ta kauri da ƙarfi. Mahauta sun san ta sarai, haka duk wanda ya taɓa cin farfesun ƙafar saniya. Shawarata mu faɗaɗa ma'anarta, mu riƙa cewa agarar dunduniya, agarar dantse, agarar yatsu.

5/ Ta biyun ce mai wuya. Na ga wasu na rubuta "jijiyar gaɓa", amma wannan ya mayar da mu inda muka baro. "Mahaɗi" ya yi kusa da mahaɗa, wadda wasu ke kiran gaɓar kanta da ita, ga shi masu nahawu sun riga sun ɗauke shi. "Tsirkiya" tana da daɗin ji, sai dai tsirkiya jan ta ake yi, ta fi dacewa da agara. Ni maɗauri na zaɓa, jam'insa maɗaurai. Aikinsa ke nan, ya ɗaure ƙashi da ɗan'uwansa, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane da zarar ta ji.

6/ Amma kada mu ce "maɗaurin gaɓa" ko "maɗaurin ƙashi". Yawancinmu a waya ba ma sa lanƙwasa, gaɓa sai ta koma gaba, ƙashi kuwa kun san abin da yake komawa. A ambaci wurin kawai: maɗaurin gwiwa, maɗaurin idon sawu, maɗaurin kafaɗa.

7/ Mu gwada shi a gwiwa. Manyan maɗauranta 4 ne: biyu a gefe da gefe, biyu a tsakiya sun gitta juna, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Na gaban shi ne ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, kuma shi ne abin tsoron 'yan ƙwallo. Shi ya tsinke wa Virgil van Dijk na Liverpool a wasansu da Everton a watan Oktoban 2020, bai sake buga wasa ba har kakar ta ƙare. Maimakon "ya ji rauni a gwiwa", wanda bai gaya wa mai sauraro komai ba, sai a ce "maɗaurin gicciye na gaba ne ya tsinke masa a gwiwa, sai an yi masa tiyata".

8/ Targaɗe ma ya samu bayani. Ƙafa ta gurɗe, maɗaurin idon sawu ya miƙe fiye da kima ko ya yage, ƙashi kuwa lafiyarsa lau. Jinin da ke kai wa maɗauri kaɗan ne, shi ya sa mummunan targaɗe kan daɗe bai warke ba, mutum ya yi ta mamaki tunda hoto bai nuna karaya ba.

9/ Ma'aikatan Asibitin Ƙashi na Dala, me kuke ce wa majinyata in kuna yi musu bayani? Masu ɗori da mahautan Sakkwato, Katsina, Maraɗi da Damagaram, in akwai tsohuwar kalmar da iyayenku ke kiran wannan abin da ita, don Allah ku kawo ta, ta fi maɗauri cancanta.