Neman shawara: Hilux ɗina tana tsallake wuta ko bayan an sauya fulogi

Mai Hilux, daga Garwa:

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan motar da nake neman abinci da ita, domin al'amarinta ya fara hana ni barci. Toyota Hilux ce mai shan fetur, ƙirar 2008, kuma ta riga ta haura kilomita dubu 400. Asalinta ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo ta a Duwala tun tana da ƙarfinta. Da aka zo rabon gado sai ta faɗo mana mu uku, ni da ƙannena mata biyu, dattawa suka ga bai kamata a sayar da ita ba, aka amince in riƙa aiki da ita ina fitar musu da kasonsu duk ƙarshen wata. Ɗaya daga cikinsu mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, saboda haka duk ranar da motar nan ta kwana a gareji, gida uku ne ke shiga wani hali. Aikina shi ne ɗauko albasa daga ƙauyukan Marwa zuwa Garwa, wani lokaci kuma in wuce da ita Ngaundere, inda 'yan kasuwa ke loda ta zuwa kudu.

Tun shigowar hunturun bana, idan na tayar da ita da asuba sai ta riƙa karkarwa a silo har sitiyari yana rawa a hannuna, idan ta yi zafi kuma ta ɗan lafa. Amma a hawan dutsen nan na kafin Ngaundere, in da kaya a bayanta, sai ta riƙa fizga, ƙarfinta ya faɗi, fitilar inji da ke gaban direba ta riƙa ƙyaftawa. Shan mai ma ya ƙaru. Makanikina, wanda suruki ne a gare ni kuma shi ke duba ta tun mahaifinmu yana da rai, ya sauya fulogi huɗun, ta yi lafiya na ɗan lokaci, sannan ciwon ya dawo. Yanzu ya ce a sayi kwayil huɗu, wato na'urorin da ke ba fulogi wuta, wani kuma a garejin ya ce ba makawa sai an sauke inji an sa ringi. Ina da alƙawarin kaya a makon nan, har na karɓi kafin alƙalami. Me kuke ganin ya kamata in yi?

Tsohon makaniki, daga Marwa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba mu labarin gado da na marayu, Allah ya raya su, amma abin da za a gane ciwon da shi ba ka faɗa ba. Wane irin fulogi aka sa, kuma a ina aka saye shi? Da aka kwance tsofaffin, yaya bakinsu yake? An sa mata kwamfuta kuwa? Hilux mai fetur ta wannan shekarar galibi injin 2TR-FE gare ta, mai lita 2.7 da silinda huɗu, kowace silinda da kwayil ɗinta zaune a kan fulogi. Silinda ba ta tsallake wuta sai ta rasa ɗaya daga cikin abubuwa uku: tartsatsi mai ƙarfi a kan lokacinsa, ko fetur da iska daidai gwargwado, ko matsi a cikinta. Duk wanda ya ce ka sayi kwayil huɗu ko ka sauke inji alhali bai nuna maka silindar da ke da laifi ba, caca yake yi da kuɗinka.

A fara da kwamfuta. Idan ta nuna lambar P0301, silinda ta farko ce, P0302 ta biyu, haka har zuwa P0304. Idan kuwa P0300 ta fito, to ba a wuri ɗaya wutar ke tsallakewa ba, sai a nemi abin da ya haɗa su duka, kamar famfon mai da ya gaji ko iskar da ke satar shiga ta wani tiyo da ya tsage. In silinda ɗaya ce, a cire kwayil ɗinta a musanya shi da na maƙwabciyarta, a goge lambar, a zaga da motar. Idan lambar ta bi kwayil ɗin zuwa sabon wurinsa, ka kama ɓarawonka, kuma kwayil ɗaya tak za ka saya. Idan ta tsaya inda take, a yi wa fulogi irin wannan musanyar, in har yanzu ba ta motsa ba, saura nozul mai fesa fetur da kuma matsi. Ka kuma sani cewa fitilar da ke ƙyaftawa ba ɗaya take da wadda ta kunnu ta tsaya ba, domin ma'anarta ɗanyen fetur yana fita ta salansa, kuma yana iya ƙona matatar hayaƙi idan motar tana da ita. Kada ka hau dutsen nan da kaya a wannan hali.

Direba, daga Kusseri:

Baba ya yi bayani mai amfani, sai dai ni ina ganin an tafi da nisa tun ba a duba na kusa ba. Malam, wane mai kake sha? Idan zuwa-zuwa ne, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri na bakin hanya, to daga nan za ka fara. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 ribar masu shigo da shi ta ragu, kuma wasu marasa tsoron Allah suna cike giɓin da abin da suka ga dama. Ni kaina na taɓa shan mai a jarka tsakanin Mora da Dabanga, motar ta yi ta fizga har ta mutu a inda ba a son tsayuwa da dare, ga fasinjoji mata da yara. Da aka sauke tanki, ruwa da laka aka samu kwance a ƙasansa, kuma da na koma wurin mai sayarwar sai ya rantse bai taɓa ganina ba. Har yau ban huce ba. Ka wanke tanki, ka sauya filtar mai, ka cika ta a gidan mai, sannan ka ga abin da zai faru kafin ka taɓa kwayil.

Mai Hilux, daga Garwa:

Na gode Baba, na gode ɗan'uwana na Kusseri. Gaskiya ne ina shan zuwa-zuwa, amma ku yi mini adalci: a watan Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai ta kai sefa 840, alhali kuɗin ɗaukar buhun albasa bai bi ta ba. Kuma wurin mutum ɗaya nake saye, na san shi na san gidansu, a gabana yake tace shi da ƙyalle. Fulogi kuwa Denso ne a cikin kwalinsa, surukina ya samo shi da sauƙi a kasuwa. Tsofaffin ban gan su ba domin yaron gareji ya zubar, amma na ji ya ce ɗaya daga cikinsu ya jiƙe da baƙin mai. Maganar kwamfuta kuma tana da nauyi a gare ni, domin surukina ba shi da ita, kuma idan na ɗauki motar na kai wani gareji, kafin in dawo gida maganar ta riga ni isa. Mutumin nan da kunne yake gane ciwon inji, ban taɓa kama shi da ha'inci ba.

Tsohon makaniki, daga Marwa:

To, ai ka faɗi maganar da ta fi kowace muhimmanci sannan ka wuce ta kamar ba komai ba. Ina ne baƙin man ya jiƙa? Idan saman fulogin ne, wato farin tangaran ɗin da robar kwayil ke rufewa, to gasket ɗin murfin bawul ne, wato robar da ke tare mai, ya bushe, mai yana tsiyaya cikin ramin fulogi. Man yana jiƙa robar har ta kumbura ta lalace, tartsatsin ya riƙa zurarewa ta gefe maimakon ya sauka cikin silinda, musamman lokacin da inji ke jan nauyi. Shi ya sa sabon fulogi ya ba ka lafiya na ɗan lokaci, da ramin ya sake cika sai ciwon ya dawo. Ka duba tsohon fulogi irin wannan da kyau, sau da yawa za ka ga wani siririn baƙin layi a jikin tangaran, hanyar da wutar ta bi ce. Idan kuwa bakin fulogin da ke cikin silinda ne ya jiƙe, shi ne ake maganar ringi ko robobin bawul, kuma da ka ga shuɗin hayaƙi a salansa. Tun da ba ka ambaci hayaƙi ba, ni ina da yaƙinin gasket ɗin murfi ne, kuma gyaransa bai kai kuɗin kwayil biyu ba.

Fulogin Denso da NGK na jabu sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu sak na asali, kuma araha ba ta ado. A kwance waɗanda ke jikin injin yanzu a jera su a kan takarda bisa tsarin silinda. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne a bushe, baƙi mai gari yana nuna fetur ya yi yawa, fari fat kuma yana nuna fetur ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Kada a kwance su sai inji ya huce, domin kan injin nan na alminiyam ne, haƙoran ramin suna saurin cinyewa. A hure ƙurar da ke ramin tukuna, a fara ɗaura sabon da hannu kafin a sa sufana, tazarar bakinsa kuma ta kasance kusan milimita 1.1. Kunne ba ya auna matsi, ɗana, ko kunnen wane ne.

Hajiya mai motocin haya, daga Injamina:

Ni ba makaniki ba ce, amma ni nake biyan kuɗin gyara, saboda haka ina da ta cewa. Na yi irin wannan jinyar da wata motata, yau buji, wato fulogi, gobe kwayil, jibi nozul, kowane mako da sabon suna, kuma makanikin ɗan'uwan maigidana ne, ba dama in ɗaga murya. Da na tara rasit ɗin sai na ga kuɗin ya isa a sauke inji tun farko. Motar da ta haura kilomita dubu 400 tana ɗaukar albasa a irin hanyoyinmu ta gama biyan bashinta. Ƙanena, ko dai ka zauna da 'yan'uwanka ku haɗa kuɗi a yi mata aiki gaba ɗaya, ko ku sayar da ita tun tana tafiya da ƙafarta.

Mai gyaran lantarkin mota, daga Ngaundere:

Baba, a gafarce ni, ba gardama nake yi da ku ba, amma akwai abin da ba a tambaya ba. Ya ce karkarwar ta fi tsanani da asuba, tana lafawa idan inji ya yi zafi. Wannan alama tana iya nufin gasket ɗin kan inji ya fara tsagewa, ruwa yana ɗiga cikin silinda da dare, da safe sai fulogin ya jiƙe har zafi ya ƙone ruwan. Fulogin irin wannan silindar yakan fito tsaf kamar an wanke shi, ya bambanta da sauran ukun. Malam, ruwan lagireto yana raguwa? Sannan ƙurar hunturu tana toshe filtar iska, tana kuma ɓata na'urar auna iskar da ke bayanta, wanda hakan ke rikita lissafin fetur. Awon matsi ne zai raba gardama: idan silinda ɗaya ta yi ƙasa sosai da sauran, a zuba mata ɗan baƙin mai a sake aunawa, in matsin ya tashi ringi ne, in bai tashi ba bawul ne ko gasket.

Tsohon makaniki, daga Marwa:

Yaro, abin da ka faɗa yana cikin littafi, amma motar da gasket ɗin kanta ya tsage da wuya ta yi ta hawan dutsen garinku da kaya ba ta tafasa ba, kuma da ya faɗa mana. Hajiya kuma, ba a sauke injin 2TR-FE don adadin kilomita kawai, na ga waɗanda suka wuce haka ba a taɓa buɗe su ba. Ina nan a kan bakana.

Mai Hilux, daga Garwa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ruwa kam ina ƙara mata kaɗan-kaɗan, amma haka take tun da daɗewa, kuma ba ta taɓa tafasa ba, don haka ban ɗauke shi a bakin komai ba. Hajiya, sayar da ita ba ya cikin lissafi, ba ni kaɗai ke da ita ba. Baba, na karanta wa surukina bayaninku, ya ce ya san da maganar gasket ɗin murfi, amma a ganinsa bai kai ya hana wuta ba. Ya riga ya samo kwayil biyu na hannu daga wata motar da aka kwance, ya sa su a silindojin tsakiya, kuma a silo ta fi jiya natsuwa. Tun da na karɓi kuɗin mutane, zan rage kayan in tafi a hankali, idan na dawo sai a duba sauran.

Tsohon makaniki, daga Marwa:

Me ya sa na tsakiya? Wa ya nuna cewa su ne masu laifi? Kafin ka loda ko buhu ɗaya, ka sa a zare kwayil huɗun ka haska ramukan da tocila, ka gaya mini wanne ne da mai a ciki.

Direba, daga Kusseri:

Har yanzu ba wanda ya ce an sauya filtar mai. Mai lantarki na Ngaundere, idan Malam ya iso garinku da ita, kana da kwamfutar da ke karanta Toyota, kuma nawa kake karɓa? Ina tambaya ne domin tawa ma ta fara kunna fitila tun daga Waza.