Wa Ke Ce wa Huhu "Ya Isa"?

Ɗan Kwarbai:
Salamu alaikum 'yan zaure. An yi mini haihuwa, yau kwana 9. Ga abin da ya hana ni barci:

Daren jiya ban runtsa ba, 'yan uwa,
Ina duban ƙirjin ɗiya yana hawa,
Ya tashi, ya sauka, babu hutawa,
Na ce salka in ta cika sai fashewa,
Wa ke ce wa huhu ya bar cikawa?

'Yar Shika:
Barka da arziki, Yaya. Allah ya raya mana ita. Darasin da muka yi ke nan a ajin likitanci:

Yaya, kwantar da hankali, ba fashewa,
Mai Duka ya sa 'yan gadi masu kulawa,
A naman bututun iska suke kwantawa,
Da huhu ya kumbura su ji miƙewa,
Su tashi ɗan aike, ba ya tsayawa,
Jijiya ta 10 ita ce ke kaiwa,
Cikin jijiyoyin kai 12, ta fi su zagayawa,
Ta wuya take bi, gindin ƙwaƙwalwa take isarwa,
Daga can a ja linzamin shaƙawa,
Tantanin ƙasan ƙirji ya daina matsawa,
Iskar da ta shiga ta juyo fitowa.

Baba Maƙeri, Tudun Wada:
Ɗiyata, na ji, amma da sauran cewa,
Shekara 40 zugazugi nake bugawa,
Hannuna ke buɗe su, shi ke rufewa,
Ni kuma in na ga dama ina shaƙawa,
Har awazuna su ji suna buɗewa,
'Yan gadin naki barci suke kuwa?

'Yar Shika:
Baba, wallahi ka taɓo inda maganar take. A 1868, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Ewald Hering da Josef Breuer suka gano wannan aiki, shi ya sa har yau ake kiransa da sunayensu. A jikin dabbobi suka gwada.

Da suka hura huhun, shaƙa ke tsayawa,
Da suka yanke jijiyar, sai canzawa,
Numfashi ya yi zurfi, ya yi jinkirin zuwa.
Babba a zaune rabin lita yake jawowa,
A nan 'yan gadi ba su cika tsawatawa,
Sai ya haura lita, gudu ko hawa,
Kamar mai hawan Kufena yana haki da nishawa.
In ka ja da gangan, Baba, kana iyawa,
Umarnin saman ƙwaƙwalwa ke rinjayawa.
Jariri fa, ƙirjinsa da taushin lanƙwasawa,
Shi a kowane ja suke taimakawa.

Baba Maƙeri:
Na karɓa, ɗiyata. Allah ya yi wa karatu albarka.

Ɗan Kwarbai:
Ƙanwata, kin sauke mini dutsen damuwa,
Na ɗauko agogo na yi ƙirgawa,
44 a minti take shaƙawa,
Ni nawa 16, ko da matsala kuwa?

'Yar Shika:
Babu, Yaya, haka sabon haihuwa ke yowa,
30 zuwa 60 suke kaiwa da komowa,
Ka ƙirga tana kwance, ba kuka ko motsawa,
In ya kai 60, ka sake gwadawa,
In bai sauka ba, ko ƙasan ƙirji na lotsawa,
Ko leɓe ya yi shuɗi, ko nono take ƙin kamawa,
Ku ɗauke ta asibiti a daren, kar a jira wayewa.